Wuyan Baba

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba, lokacin da rabin mazan unguwarmu suka ɗage wando suka wayi gari malamai, hannun Baba na dama ya mutu a kasuwar Mai'adua. Dillalin shanu ne. Yana tsakiyar ciniki ya ɗaga hannu zai daki gadon bayan wani bijimi, sai hannun ya zube kamar jiƙaƙƙen tsumma. Bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita daidai. Kafin mutane su gama salati su kawo ruwa, abin ya sake shi. Ya ƙarasa cinikinsa, ya ci balangu, ya hau mota ya dawo Daura bai faɗa wa kowa ba. Sai da abokin sana'arsa ya zo yi wa Inna jaje muka ji.

Wanda ya fara gano cutar shi ne Baffa, ƙanin Baba. Kafin nan kayan gyaran babur yake sayarwa, amma ya kwashe su ya jera kwalaben zuma da man zaitun da habbatus sauda, ya tsayar da gemu. Ya leƙa idon Baba ya ce, "Yaya, shafar aljani ce. Kasuwar kan iyaka ai aljanun ƙasa biyu ke cin ta." Ya bar masa kwalabe uku da kaset ɗin ruƙiyya. Shi kuwa Baba ya fi yarda da cewa wani dillali ne ya yi masa jifa, don a ganinsa mutum kamarsa ba ya ciwo haka kawai sai an yi masa hassada.

Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a firamare. Na ba maƙwabciyarmu labari, ma'aikaciyar jinya ce. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Wannan sallama ce shanyewar ɓarin jiki ta yi muku. In ta dawo ba za ta sake sallama ba." Ta ce akwai manyan jijiyoyi biyu a wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, kitse kan taru a cikinsu ya tsuke hanya. A kai shi Kano a ɗauki hotonsu.

Na faɗa wa Baba. Ya ce, "Malama, ki bari sai na shigo ajinku sannan ki karantar da ni."

Mako uku ina fama. Inna ce ta gama aikin, tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ƙyale shi ya zauna. In ya kwanta ni zan riƙa kai shi bayan gida, ƙaninsa kuma ya riƙa kai shanun Mai'adua." Washegari da hantsi Baba ya riga ni zuwa tasha.

A asibitin Kano aka kira mu ɗakin hoto, sai ga likita mace. Baba ya ja birki a bakin ƙofa.

"Mace ce za ta taɓa min wuya? Ai Shari'a ta hana."

Mutumin da na sha gani yana tafa hannu da matan Fulani a kan cinikin karsana. Likitar ba ta ko yi gardama ba. Ta ce, "Ba komai, Alhaji. Namijin yana aiki ne mako biyu masu zuwa, sai ku dawo." Ta faɗi ranar, sai ga shi ta zo daidai da ranar kasuwa. Baba ya tuɓe hula, ya kwanta, ya runtse ido yana istigfari da ƙarfi don na waje su shaida ba da son ransa ba ne.

Ta shafa masa wani abu mai sanyi kamar kamu, ya zabura. Ta ɗora kan na'urar tana zagayawa a hankali, ɗakin ya cika da ƙarar jininsa, fuu, fuu. A gefen hagu ta daɗe. Ta juyo masa da allon ta nuna inda hanya ta tsuke.

"Kitse ne?" in ji Baba.

"Kitse ne."

Wallahi sai da na ga alfahari a fuskarsa. "Ai ni ban taɓa cin ramammen nama ba."

Ta ce bai kai a yi aiki ba tukuna, amma jininsa ya hau sosai. Ta rubuta ƙwayoyi na kullum, ta hana tozo da kayan ciki da man shanu da yawan gishiri, ta ce ya riƙa dawowa ana dubawa.

Abin da ya faɗa a majalisarsu ta ƙofar gida daban ne. Wai manyan likitoci ne suka taru a kansa, maza, suna mamakin ƙarfin jijiyarsa. Yana shan ƙwayoyin kuwa, don Inna ke tsayawa a kansa, amma sai ya kora da cokalin zumar Baffa. Baffa ya samu abin talla, duk mai shiga shagonsa sai ya ji yadda ya warkar da yayansa.

Daga nan Baba ya zama likita. Duk tsohon da ya zauna kusa da shi sai ya sa yatsu biyu ya matsa masa wuya, ya yi shiru, ya yanke hukunci. Ya ce wa limamin masallacinmu jijiyar wuyansa ta toshe sarai. Bawan Allah ya bar jam'i ya tafi Kano a firgice, aka duba ba a ga komai ba, ya yi wata biyu yana amsa gaisuwar Baba da ka. Wani tela kuma, siriri, Baba ya ce masa, "Kai taka hanya a share take, ci abinka."

Da damina telan ya faɗi a kan keken ɗinkinsa. Baba ya je dubiya ya tarar matarsa na ɗura masa kunu yana zuba ta gefen baki. Telan ya gane shi, ya yi ta ƙoƙarin gaisuwa, ba ta fito ba. Baba ya dawo ya zauna a zaure har la'asar. Tun ranar bai sake taɓa wuyan kowa ba.

Da yamma ya kira ni. "Malama, Baffanki ya yi teɓa da yawa, kuma yana yawan cewa kansa na sara. Ki kai shi wurin yarinyar nan."

Na je shagon na isar da saƙo. Baffa ya leƙa waje ya tabbatar babu mai saye a kusa, sannan ya ce a hankali, "In an je, a ce ke ce ba ki da lafiya, ni rakiya na yi."