Ba-Hayaƙi da Motar Surukinsa

A layin masu gyaran janareta ba a san shi da wani suna ba sai Ba-Hayaƙi. Tun yana saurayi ya samo sunan, don injin da ya fito daga hannunsa ko hanci ka kara a salansa ba abin da za ka shaƙa. Hayaƙi a wurinsa abin kunya ne, kamar mutum ya fita da riga a baibai. A kan haka gemunsa ya yi fari. Ga shi ba ya son a yi masa gyara. Kana cewa ga yadda ake yi, sai ya miƙa maka sifana.

Mijin 'yarsa, wani malamin asibiti mai sanyin hali, yana da 'yar motar tsere da ake tuƙawa da rimot. Ba ta fi takalmin ƙato ba, amma injin gaske ne a cikinta, mai shan wani mai da ake kira naitiro. Da tafiya ta kama shi, ya zo shago ya durƙusa.

"Baba, a ajiye mini ita a nan, yara za su ɓalla ta a gida."

Ajiya aka ce, amma ina hannun makaniki zai zauna? Ba-Hayaƙi ya tayar da ita, sai ga shuɗin hayaƙi tana fesowa. Ransa ya ɓaci. Motar surukinsa, a shagonsa, tana hayaƙi! Ya nufi wurin mai sayar da man, ya ce a ba shi wanda ba ya hayaƙi.

Mai man ya ce, "Baba, wannan injin ba shi da wurin zuba baƙin mai. A cikin man da yake sha ake haɗa masa, kuma hayaƙin nan da zafin injin yake fita. Baƙin man da ke cikin galan ɗin nan kaɗan ne, naitiro ya fi yawa. In ka zuba, sai ka buɗe allurar da ke daidaita shigar mai sosai."

"Kai, tun kana goye nake kwance inji. Miƙo."

Ya zuba, ya yi ta matse allurar har hayaƙi ya ɗauke.

Da surukin ya dawo, Ba-Hayaƙi da kansa ya kai masa motar filin bayan sito inda surukin ke tsere da abokansa, yana faɗa wa kowa irin aikin da ya yi mata. Mota ta fita kamar an harba ta, aka ɗau ihu, Baba na shafa gemu. Can sai ta yi wani gurnani ta tsaya cik.

Ɗaya daga cikin 'yan tseren ya ɗiga yawu a kan injin, yadda suke gwada zafi: in lafiya yake, yawun kan ɗan tafasa kafin ya bushe. Wannan yana sauka ya ɓace. Fistan ya riga ya kama, inji ya ƙone.

Surukin ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne. Ni na matse allurar kafin in tafi."

Kowa a filin ya san ba haka ba ne, kuma ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi wa Baba sauƙi. Yaron da ba ya iya haɗa ido da shi, yau shi ne ya yi ƙarya don ya rufa masa asiri. Kunya ta lulluɓe dattijon har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Washegari a layi, wani mai janareta ya tsaya a ƙofar shago yana ƙwala kira, "Ba-Hayaƙi! Ba-Hayaƙi!"

Ya ci gaba da goge sifanarsa kamar da wani ake.