Tukunyar Wankan Jego da Na Aika da Hannuna

Edita, ina yi maka sallama. Ni mace ce 'yar Garwa, haihuwar unguwar Yelwa. A lokacin da abin nan ya faru mijina ya rasu, ina riƙe da kaina da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk layinmu an san ni da baki da kuma kunya. Baki, don in mai gyaɗa ya haɗa min da tsakuwa a buhu sai ya gwammace bai fito kasuwa ba. Kunyar kuwa ta 'yar fari ce. Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ban goya ta a gaban mutane ba, ranar aurenta ma ɗaki na shige na bar wa ƙanwata hidimar. Haka aka rene mu, har alfahari nake da shi. Amma can cikin zuciyata akwai ranar da nake jira, ranar da za ta zo wankan gida. Arba'in ɗin haihuwar fari ne kaɗai lokacin da uwa irina za ta dafa wa 'yarta ruwa, ta dama mata kunun kanwa, ta rungume jika, ba mai ce mata marar ta-ido.

Ana cikin haka jini ya dawo min bayan na daɗe da daina al'ada. Na yi ta shan sassaƙe-sassaƙe har na fara tafiya ina dafa bango. A asibiti suka ce kansar bakin mahaifa ce, sai an yi min gashi da na'ura, kuma a lokacin duk arewa babu irinta, sai kudu. Ƙanwata ce ta ɗaure kaya ta bi ni. Cikinmu ɗaya, ita ta yi lekol, wato boko, ta iya Faransanci, ni kuwa daga Hausa sai Fulatanci. Ta yi aure biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba zan ɓoye alherinta ba. A mota zuwa Gaundare, a jirgin ƙasa kuma, a cinyarta nake kwance. Can kudu ɗaki ɗaya muka kama, katifa ɗaya, kwano ɗaya. Da gudawa ta sako ni gaba ita ke wanke zannuwana, ban taɓa ganin ta yamutsa fuska ba.

Gashin nan ba wuta ba ce irin wadda ake tsammani. Za su zana miki alama a mara da tawada, su ce kada ki goge. Ki kwanta a kan gado mai tauri, su daidaita ki, kowa ya fita a rufe ƙofa, na'urar ta zagaya ki tana ɗan ƙugi. Ba ki jin komai a lokacin, sai daga baya fitsari ya yi zafi, fata ta yi baƙi. Muna tsakiyar haka saƙo ya zo daga gida cewa waccan tana da ciki. Ranar na kasa haƙuri. Na sa ƙanwata ta tambayar min likita ko abin da ake saka min zai cutar da mai ciki ko jariri. Likitan ya yi dariya, ya kama hannuna ya riƙe, ya yi dogon bayani. Ƙanwata ta juya min shi da bakinta: an daɗe da bincike a kan wannan, irin gashin da ake min kamar hasken fitila ne, da an kashe na'ura ba abin da ke saura a jiki, ko yau aka miƙo min jariri in karɓa. Da muka fito har tana tsokanata, wai yau kunyar 'yar fari ta tafi hutu.

Na dawo Garwa da sauƙi, na hau shiri. Na tara itace har ya kai tsawon katanga, na sayi kanwa da citta da barkono, na fiddo babbar tukunyar da uwarmu ta yi mana wanka da ita na goge ta tas. Saura magana da surukai. Uwa ba ta zuwa gidan surukai roƙon 'yarta, balle 'yar fari, balle kuma su Fulani ne, kara a wurinsu abinci ce. Wa zan aika in ba ƙanwata ba? Ta je ta dawo tana jan ƙafa, ta ce sun ce ba ni da ƙarfin hidimar jego, a gidan ita ƙanwar tawa za a yi wankan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato sun ɗauke ni gawa ke nan? Amma bakin nan nawa da ke tsorata masu gyaɗa ya mutu murus, don in na yi magana za a ce na nuna zalama a kan 'yar fari. Yarinyar ma ta ɗauke ƙafa daga gidana, na ce nauyin ciki ne. Da haihuwa ta matso, ƙanwata ta ce tata tukunyar ƙarama ce. Na sa aka loda mata tawa a kura, da itacen, da kanwar, da komai, ina tsaye a ƙofar gida har suka sha kwana.

Aka haifi namiji. Ranar suna na ci ado na tafi gidan ƙanwata, ina cewa yau dai zan ga mijin nawa, in ji ko ya zo da kuɗin cefane. Gida cike da mata, tukunyata tana kan murhu a bayan ɗaki. Na shiga ɗakin mai jego, na tarar da jaririn a hannun wata tsohuwa. Na miƙa hannu. Sai matar ta juya min kafaɗa, ta rufe shi da gyale. Na ɗauka wasa ne, na ce to kishi aka fara tun yanzu? Ba wadda ta yi dariya. Na ga mata suna janye 'ya'yansu daga kusa da ni, waccan kuma ta sunkuyar da kai tana hawaye. Uwar mijinta ce ta matso, ba ta zauna kusa ba, ta yi magana cikin ladabi.

"Usoko, Hajiya, mun gode. Ba kowace uwa ce za ta yi abin da kika yi ba. Ke da kanki kika aiko cewa wutar tana jikinki, kada a kawo miki ita, kada a ba ki yaron. Ki ƙara haƙuri, kada zuciya ta sa ki manta."

Na waiga ina neman ƙanwata. Tana bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu, ta ji komai, idonta a ƙasa. Ban san yadda na fito ba. Mai babur ɗin da ya kai ni gida ne ya ce min takalmina ƙafa ɗaya ne.

Washegari ƙanwata ta zo da kanta, ba ta ko shigo ɗaki ba. Na tambaye ta ko ba da bakinta ta juya min maganar likita ba. Ta ce ita dai ta ga likitocin suna fita su rufe ni ni kaɗai, in babu komai me suke gudu? Na ce ita da ta kwana katifa ɗaya da ni, ta ci kwano ɗaya da ni, yaushe tsoron ya zo mata? Sai ta ce, "Yaya, ke kin haifa kin goya. Ni wannan kaɗai zan samu." Wallahi da ta roƙe ni, da na ce ta tare a gidana mu yi wankan tare. Da ciwona ta yi ciniki, ciwon da ta wanke da hannunta. Abin ya bazu a unguwa, har ƙuli-ƙulina aka daina saye. Arba'in ya wuce ban taɓa yaron ba, don na yi fushi na rufe ƙofa, ban ƙaryata ta a gaban kowa ba. Ina ganin tonon asirin 'yar'uwa abin kunya ne.

Daga baya aka mayar da mijin yarinyar aiki Kuseri, suka tafi. Lokacin hanya ta lalace, sai da rakiyar sojoji ake wucewa. Na koma kudu aka duba ni, aka ce sai godiya. Da na ji waccan tana da ciki na biyu sai na ce kunyar nan ta ishe ni. Na hau mota, na wuce Maruwa, na isa gidanta tana shanya a tsakar gida. Na buɗe baki na kira sunanta, karo na farko tun da na haife ta. Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Na zaunar da ita na faɗa mata komai da bakina, tun daga dariyar likita. Ta yi kuka har na tsorata saboda cikin.

"Dada, kullum ina jiran ki ce in zo," in ji ta. "Da kin ce, ko wutar ce da gaske da na zo."

Yaron yana bayan ƙofa yana leƙena, ya riga ya iya gudu. Na miƙa masa hannu na ce zo nan maigida. Ya maƙale kafaɗa, ya ce kakarsa ta Garwa, wato ƙanwata, ta ce kada ya taɓa ni, ina ƙona mutane.

Mata 'yan'uwana, ga abin da na koya. Wanda aka yi wa gashin na'ura irin nawa, mace ce ko namiji mai ciwon mafitsara, ba ya ɗauke da wata wuta zuwa gida. In kina shakka ki tambayi likita, kada ki guji mara lafiya a kan ji-ta-ji-ta. Maganar ciwonki kuma, da maganar 'ya'yanki, kada ki ba kowa ya kai miki, ko da nono ɗaya kuka sha. Wanda ya yi jinyarki ya fi kowa sanin inda zai taɓa ki. Haihuwa ta biyu a gidana aka yi wankan, na sayi sabuwar tukunya, don tsohuwar ban aika a karɓo ba. Na fari kuwa ya shiga makaranta yanzu, yana gaishe ni da ladabi, amma har yau daga bakin ƙofa yake tsayawa.