Ba zazzaɓi ba ne, waya ce ta kwantar da ni

Salamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Duk wanda ya tambaya, na sa iyalina su ce zazzaɓi ne. Ƙarya ce, kuma ni na ƙirƙire ta. Ku yafe mini.

Ranar da 'yata Safiya ta haihu, namiji, jikana na farko, murna ta hana ni zama. Ni kafinta ne a Agege, shekara talatin ina sana'ar. Na ce da hannuna zan yi wa yaron gado kafin suna.

Soket na cikin ɗaki, aikin a tsakar gida. Sai na jawo siririyar wayar da muke kunna fanka da cajin wayar salula, na jona injin yankan katako. A jikinta an rubuta iya ƙarfin da take ɗauka. Na karanta. Sai da na yi furfura na shiga makarantar yamma na koyi karatu, kullum ina alfahari da shi, amma ran nan na karanta na kawar da kai. Inda wayar ta taɓa yankewa kuwa, da leda na ɗaure.

Kwana biyu wayar tana zafi, tana warin roba. Matata ta ce, “Malam, wannan abin ƙauri yake yi.” Na ce, “Hajiya, ki tsaya wa tuwonki.”

Rana ta uku an yi ruwan sama. Na yi alwalar la'asar, sai na hango katako ɗaya da ya rage. Na ce bari in yanke kafin a tada salla. Hannu jiƙe, ƙafa ba takalmi, na kama wayar daidai wurin ledar don in ɗaga ta daga ruwa.

Hannuna ya ƙi buɗewa. Ina jin ihun Hajiya, na kasa amsawa. Maƙwabcinmu Bulus, mutumin Kafanchan, shi ya tare ta kada ta taɓa ni, ya ruga ya kashe wutar gidan.

A asibiti na ce ƙuna ce 'yar ƙarama, a sa magani in tafi. Likita ya ce, “Baba, wutar lantarki ta ciki take ci. Abin da kake gani kaɗan ne.” Suka manna mini wayoyi a ƙirji don duba bugun zuciya, suka ɗebi jini da fitsari saboda ƙoda. Kullum da safe wankin ciwo, ina cije da hula. Da tafin hannun ya yi baƙi, aka fara maganar yanke yatsu biyu. Na ji tsoro ƙwarai. Hannun dama ne.

A kan gadon asibiti aka yi suna. Surukina ya kira ya ce, “Baba, an yi maka takwara.” Na juya fuska bango na yi kuka. An sa wa yaro sunan mutumin da ya kusa mayar da sunansa zaman makoki.

Aka yanko fata daga cinyata aka ɗora a tafin. Injin yankan katakon da kansa muka sayar aka biya kuɗin aikin. Allah ya sa fatar ta kama, yatsun suka tsira, sai ƙaramin da ba ya lanƙwasuwa har yanzu.

Na gode wa Allah. Na gode wa Bulus, da nas-nas ɗin da suka jure mitata, da Hajiya da ba ta taɓa cewa “ai na faɗa maka” ba.

'Yan uwana masu sana'a, injin aiki waya mai kauri yake so, ba ta fanka ba. Ku karanta abin da ke jikinta, kuma ku bi shi. Ku warware ta duka, kada ku yi aiki tana nannaɗe. In ta yi zafi ko ta yanke, ku jefar, leda ba gyara ba ce. Ku nisanta ta da ruwa, ku sa takalmi, ku goge hannu. In wuta ta kama mutum, a kashe ta kafin a taɓa shi, a kai shi asibiti ko da ciwon ƙarami ne.

Jiya Safiya ta kawo takwarana. Ta ɗora mini shi a hannun daman. Ya kama ƙaramin yatsan nan da ya ƙage, ya kai baki.

Gadonsa na nan a jingine, saura katako ɗaya. Hajiya ta ce, “Ai ya kusa fin gadon.” Na ce ko da na tsana ne zai koma, sai na gama shi. Da zarton hannu.