Ruwan da Bai Kai Shagon Baffa Ba

Bazara ce, irin ta Legas wadda ba ta da iska sai gumi. Hadari kan haɗu da yamma ta wajen Ikorodu, mu kwashe shanya da sauri, ya watse ba ko ɗigo. Shekarar ta yi mana nauyi. Lantarki ba ya zama, fetur ya yi wuya, duk mai janareta ya koma ɓoye mai a jarka, wani a ƙarƙashin gado, wani a ƙuryar shago. Ko gaisuwa mutane suke yi a ƙofar gida, sai ka ɗauka faɗa ne.

Muna zaune a Agege, a gidan ƙanen marigayi mijina, wanda ɗana yake kira Baffa. Tun da aka yi mana rasuwa ya bar mana ɗakinmu, bai taɓa nuna mana ƙofa ba. Shi ya kai yaron makaranta, shi ya tsaya masa a duk inda ake neman uba. Yana da shagon goro a bakin kasuwa, wanda shi da mijina suka gada wurin mahaifinsu, kuma burinsa yaron ya zauna a ciki.

Yaron ya zaɓi aikin kwana-kwana. Kafin a ɗauke shi sai da aka auna tsayinsa, aka duba idonsa da numfashinsa, aka sa shi gudu a rana da naɗin tiyon ruwa a kafaɗa, aka sa shi hawan tsani da mutum goye a bayansa. Yakan dawo ya kwanta a tabarma, in gasa masa ƙafa da ruwan zafi, barci ya ɗauke shi da tuwo a hannu. Gemun da ya fara tarawa ma sai da ya aske, wai abin da suke rufe fuska da shi ba ya kamawa in akwai gashi, hayaƙi sai ya shiga. Ranar da Baffa ya gan shi fuska tas, cewa ya yi:

"Sannu amarya. Aikin da ya fara da cin gemu, Allah kaɗai ya san da me zai ƙare."

Yaron ya yi dariya, ni ma na yi. A lokacin wasa ne.

Ranar da abin ya faru, an idar da azahar ke nan, ina tsince wake a tsakar gida, sai na ji ihu daga titi: "Gobara a layin 'yan goro!" Na fita da takalma wari da wari. Kafin in isa, hayaƙi ya rufe rana. Mutane na ta kai-komo da bokitai, wasu da ruwan sabulu, wasu da yashi. Daga cikin shagon Baffa aka ji ƙara mai ƙarfi, aka sake ji, jarkokin man janaretansa ne suka fashe. Wutar ta miƙe ta fi rufin kwano tsayi.

Mun daɗe muna jin jiniyar motar kwana-kwana ba mu gan ta ba. Ta maƙale a gosulo wajen layin dogo, motar hayar da ake kira danfo a gabanta, keke mai ƙafa uku a gefenta, ba mai inda zai kauce. Da ta iso, ran jama'a ya riga ya ɓaci.

"Sai yanzu? Toka kuka zo kwasa?"

"Ku duba tankin tukun, ƙila ma ba ruwa a ciki!"

Suka diddiro cikin manyan riguna da hulunan kwano, fuskokinsu a rufe. Duk da haka na gane nawa. Kafaɗar ubansa gare shi, ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Shi ne a gaba riƙe da bakin tiyo, wani na bayansa ya dafa shi.

Kusa da shagon Baffa, lungu kawai ya raba, akwai shagon wata Bayarabiya mai sayar da gas ɗin girki, tukwane jere har rufi. A bayanta kuma gidan bene ne cike da 'yan haya. Ogansu ya dubi wutar, ya dubi lungun, ya miƙa hannu ya nuna bangon mai gas. Ɗana ya juya tiyon can. Ruwa ya fito da ƙarfi ya daki bangon da bai kama ba, tururi ya tashi, shagon Baffa kuwa yana ci a gefe ba mai kula shi.

Sai ga Baffa ya keto jama'a, hularsa ta faɗi bai sani ba. Ya cafki rigar yaron.

"Kai! Nan! Shagon ubanka ne ke ci! Juyo da ruwan nan!"

"Baffa, don Allah ka ja da baya."

"Ni kake ce wa in ja da baya? Ni? Bangon nan uwarka ce ta gina shi?"

Yaron bai juyo ba. Ina kallon hannunsa, ko motsi bai yi ba. Wasu dattawa suka janye Baffa yana tirjiya, yana kiran sunan ɗan'uwansa da ke kabari.

Ruwan mota ɗaya ba ya daɗewa, ranar na sani. Da ya ƙare, suka tsaya jiran wata motar. Ɗana ya ɗaga abin fuskarsa don ya sha iska, sai dutse ya same shi a saman ido. Na ga hannun da ya jefa. Telan layinmu ne, wanda ya ɗinka masa kayan sallarsa tun yana rarrafe. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har shi yaron. Jini ya wanke masa rabin fuska. Na yunƙura zan je, wata mata ta riƙe ni, ta ce, "Ki tsaya, in suka san ke ce uwarsa har ke za su haɗa." Aka ɗaure masa goshi da ƙyalle, da motar ta biyu ta iso ya koma ya kama tiyonsa.

Wajen la'asar sakaliya aka ci ƙarfin wutar. Layin 'yan goro ya zama gawayi. Shagon gas fentinsa kawai ya saɓule. Ba a rasa rai ba.

A gida, zaure ya cika da 'yan jaje. Sai da suka ragu na je na durƙusa a ƙofar Baffa. Yana zaune a ƙasa, ƙafafunsa baƙi ƙirin da toka. A satin ya sauke huhunan goro, bai ko kwance wasu ba.

"Alhaji, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri."

Shekara da shekaru Yaya yake ce mini, don girman wansa. Ranar bai ce ba.

"Ke, ki saurara. Ɗanki ya tsaya da ruwa a hannunsa yana kallon gumin ubana yana ci, ya je yana shayar da bangon Bayarabiya. A gaban duk Agege. Ko ya tuɓe rigar nan ya zo ya durƙusa a gaban mutanen da suka ga abin da ya yi mini, ko ku nemi wani gida. Ba zan ƙara kwana rufi ɗaya da shi yana cikinta ba."

Na tashi na koma ɗaki. Mutumin da ya wayi gari da shago ya yini ba shi, ba a ja masa magana. Kuma ban ga laifinsa duka ba. Ni kaina, lokacin da ruwan ya juya, sai da zuciyata ta ce: ɗan nan, ko kaɗan ne ka watsa masa.

Aikinsu in an shiga da safe sai wata safiyar ake sauka, don haka na hau keke mai ƙafa uku na same shi a tasharsu bayan magariba. Suna wanke tiyo, suna shimfiɗa su a ƙasa su tsane, wasu na cika tanki. Direbansu, wani dattijo Kirista mutumin kudancin Kaduna, ya jawo mini benci.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Kan ɗanki ya fi dutsen tauri. Dutsen muka kai asibiti, yana can ana masa ƙarin ruwa."

Na yi murmushi don kada in kunyata shi. Ɗana ya fito da ɗinki a gira, idon ya kumbura ya rufe. Ya tsuguna a gabana, yana warin hayaƙi.

"Inna, kin ci abinci?"

"Ni na zo tambayarka."

Ya gane abin da ya kawo ni, ya ce:

"Shagon ya riga ya tafi kafin mu iso, Inna. Kuma fetur ne a ciki. Ruwa ba ya kashe fetur, ɗaukarsa yake ya yi yawo da shi. Tanki ɗaya gare mu. Da tukwanen gas ɗin nan sun ɗauki zafi, da yanzu ba jajen goro ake ba, likkafani ake yanka wa benen nan gaba ɗaya."

"Baffanka ya san haka?"

"Ya sani ko bai sani ba, oga ya nuna bango, bango zan bi. Wanda ke bayana ya ba ni ransa a kan ba zan juya ba tare da an ce in juya ba. In kowa ya bi shagon ubansa, gawarmu za a kwasa." Ya shafa ɗinkin. "Na ji shi fa. Duk abin da ya faɗa na ji. Kujerar Baba tana ciki, wadda yake zama a kai yana zaɓen goro. Ina ganinta ta ƙofa tana ci."

A nan ya juya fuska don kada abokan aikinsa su ga hawayensa. Na bar shi ya gama, sannan na faɗa masa saƙon Baffa yadda aka ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba.

"To," ya ce. "Abin da kika ce shi zan yi. In kin ce in ajiye, gobe ina sauka zan ajiye, in je in durƙusa har a tsakiyar kasuwa. Ba zan bari a fitar da ke titi da furfurarki ba."

Na buɗe baki ke nan, ƙararrawa ta kaɗa. Ban taɓa ganin yadda suke tashi ba sai ranar. Takalmansu a jere suke, kowanne da wandonsa a naɗe a kai, mutum ya zura ƙafa ya ja sama, ya suri riga, ya ɗare mota. Dattijon da ke zolayata yanzun nan ya zama wani mutum dabam. Ɗana, da ido ɗaya a buɗe, ya ɗago mini hannu daga kan motar, suka fice. A kan bencin ya bar wata leda. Rigarsa ce ta ciki, mai tambarin aikinsu a ƙirji, jini ya bushe a wuyanta. Na ɗauka na taho da ita.

A hanya na yi ta tunanin ɗakin. A cikinsa aka kawo ni, a cikinsa na haihu, a cikinsa mijina ya cika. Ajinmu na yaƙi da jahilci yana bayan layin, matan da muke karatu tare su ne dangina a Legas. Ƙawata ɗaya ce ta yi nisa, tana Abule Egba, ta taɓa ce mini akwai ɗaki a gidan da take haya, ƙarami, kusa da kwata. Na kuma tuna matan benen da na gani tsaye a titi rungume da 'ya'yansu, suna kallon bangon nan yana tururi. Ba wadda ta san sunan ɗana a cikinsu, ba kuma wadda za ta zo ta gode masa. Abincin da na ɗora ranar ban ci ba.

Da safe, bayan na idar da asuba, na jiƙa rigar a ruwan sanyi da gishiri har jinin ya saki, na wanke ta. A da bayan ɗaki nake shanya kayan aikinsa, don kada Baffa ya gani ransa ya sosu. Ranar na shanya ta a igiyar tsakar gida, tambarin yana kallon ƙofarsa. Na dama koko, na zuba a kwanon da ya saba sha, na kai masa. Yana zaune a bakin ƙofa da carbi. Ya dubi rigar tana ɗiga, ya dube ni.

"Alhaji, ina kwana. Allah ya saka maka da alherin riƙon da ka yi mana. Ka yi mana haƙuri zuwa ƙarshen wata, za mu tashi."

Bai ture kwanon ba. Na koma ɗaki na yafa mayafina, na fita bakin titi na tsayar da danfon Abule Egba.