Farin Ƙyallen Inna Zali

Ina dama koko da safiyar Talata wayar maigidana ta yi ƙara. Bai fita aiki ba ranar, domin siminti ya yanke musu a wurin gini. Na ji ya amsa sallama, sannan ya ja salati. Tun bai juyo ba jikina ya ba ni. Ya miƙo mini wayar. Ramma ce, maƙwabciyar Inna Zali a unguwar Hajara, muryarta a dishe.

"Rakiya, sai haƙuri. Inna ta cika, bayan an fito sallar asuba."

Mun san tana jinya, jiya-jiya ma na baro ta. Duk da haka sai na zauna a ƙasa, kokon ya yi gudaji a kan wuta. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Sunanta Zaliha, mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Damagaram. Ta zo Sabha, nan ƙasar Larabawa, tun tana da ƙarfinta, ta biyo mijinta da ke aikin gonar dabino a Ghuddwa. A can Allah Ya karɓi ransa, a can aka rufe shi. Ɗiyarsu guda, Mariyama, tana aure a gida. An yi ta ce wa Inna ta koma, ta ce za ta koma, shekara ta bi shekara. Ta kama ɗaki a wani babban gida a Hajara, tana tuƙa tuwo tana sayar wa ƴan ƙasarmu masu aikin gini. Ba malama ba ce, ba ungozoma ba ce. Mace ce mai kaifin harshe da taushin hannu, kuma ni a hannunta na koyi zama uwa.

A gidan nan aka sauke ni ina amarya. Da na haifi ɗana na fari, wanda muke kira Baffa, babu uwata kusa, babu gwaggo, babu yaya. Abin da na ga matan gidan suna yi shi na yi. Kowa na sa wa jariri kush ɗin butiki, wato kunzugun kanti wanda ake cirewa a yar. Ni ma ina alfahari da shi, domin a ƙauyenmu sai matar ma'aikaci ke iya sayensa. Inna takan wuce ta ga na ƙulle leda zan kai bola, ta dube ni, ta dubi ledar, ta tafi abinta. Ban taɓa tambayarta abin da kallon yake nufi ba.

Baffa bai fara zama ba garin ya rikice. Ana jin harbi daga nesa, butikoki duk a rufe, wuta ta ɗauke, ruwan famfo sai ya ga dama. Maigidana lokacin yana yankan dabino a Ghuddwa, hanya kuma ba ta biyuwa. Kush ɗin da ya rage mini kaɗan ne, sai na riƙa jan sa: guda ɗaya ya wuni a jikin yaro, a cikin zafin da ko babba ba ya iya zama a ɗaki. Da farko wurin ya yi ja. Daga nan ƙuraje suka fito, suka fashe, fatar ta saɓule. Yaro ya daina kama nono, jikinsa ya yi zafi, kukansa ya koma wani siririn abu da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Ni kuwa ga tsoro, ga kunyar ɗan fari. Ina ganin ba daidai ba ne a ji ni ina ta kiran mutane a kansa.

Da hantsi Inna ta ɗaga labulena ba tare da jiran izini ba.

"Ke, ɗiyar nan, tun jiya nake jin yaron nan. Ba ni shi."

Ta kwance shi, ta duba. Na zaci zagi za ta yi. Sai ta ce, a hankali, "A gida ake kunyar ɗan fari, inda akwai kaka mai ɗaukarsa. Nan ba ki da kaka. Ke ce uwar, ke ce kakar. Ɗauko mayafinki."

Na ce mata ba ni da takardar zama, ina tsoron masu tsaron hanya. Ta ce, "Ni ma ba ni da ita. Ki yi shiru kawai, ni zan yi magana." Ta goya Baffa a bayanta, muka bi ta lunguna har wani ƙaramin asibiti da ya rage a buɗe. Da Larabcinta na kasuwa ta yi wa likita bayani. Matar ta duba shi da kyau, ta ba da maganin sha da na shafawa, ta ce a bar wurin ya sha iska, kada a bari jiƙa ta zauna masa ko kaɗan.

Da muka dawo, Inna ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Daga can ƙasa ta fito da wani farin alawayyo a naɗe, sabo fil. Na san ko mene ne, domin kakata ma tana da irinsa a ajiye don ranar mutuwarta.

"Inna, wannan ai..."

"Yadi ne," ta katse ni. "Sai ranar da aka naɗe ni a ciki zai zama likkafani. Yau yadi ne. Atamfa tana da rini, za ta ci masa ciwo. Riƙe mini nan."

Ina riƙe ina kuka, tana yanka da almakashi. Ta tafasa ƙyallayen a tukunyarta ta tuwo har suka saki sitaci suka yi laushi, ta shanya, kafin azahar rana ta busar da su. Bayan gari ya lafa ta sake sayen wani yadin ta mayar akwati, ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma ta hana ni faɗa wa kowa. Na riƙe mata har yau da na ga ya halatta a sani.

A kwanakin nan ta koya mini kunzugu kamar yadda ake koya wa yaro karatu. Yadda ake ninke shi kusurwa uku, a ƙara wani ninki a tsakiya inda fitsari ke sauka. Yadda ake ɗaure shi da ƙulli a gefe, don ba ta yarda da allura kusa da cikin jariri ba. Da ya jiƙe a cire, ba a jira. A kai kashin makewayi, a ɗauraye, sannan a wanke da sabulu, a tafasa, a ɗauraye har sai ruwan ya fita garau. Ruwa yana wuya, amma ta san yadda ake juya shi: na ɗaurayar ƙarshe shi ne na jiƙon gaba. Kwanon wankin kunzugu daban yake, ba ya kusantar na abinci ko butar alwala. In na yi gaggawa ta kan ɗauki ƙyallen ta shinshina, ta mayar mini da shi cikin ruwa.

"Sabulun da kika bari a ciki, a jikinsa zai fita," in ji ta.

Tsakanin canji da canji ta kan shimfiɗa shi tsirara a kan tabarma a inuwa, tana yi masa fifita tana yi masa wasa. Zazzaɓin ya sauka, ya koma kama nono, fatar ta fara haɗewa. Ranar da maigidana ya samu hanya ya dawo, ya tarar da ɗansa yana wutsil-wutsil da ƙafafu, da igiya cike da fararen ƙyallaye a tsakar gida. Da na ba shi labari ya tafi ƙofar ɗakinta ya durƙusa. Ta ce, "Tashi, Malam. In kana son godiya, ka ɗaura mana wata igiyar, wannan ta yi kaɗan."

Igiyar nan ba ta sake zama babu kaya ba. Matan gidan, da suka ga abin da ya faru, ɗaya bayan ɗaya suka zo koyo. Inna ba ta taɓa cewa kush haramun ne ba. Ranar zuwa asibiti ko ranar suna ita da kanta take cewa a sa wa yaro. Abin da take ƙi shi ne a bar yaro cikin jiƙa don ana tsimi, da kuma tulin kush ɗin da ake zubarwa a bola, awaki su ja, iska ta watsa, a ƙarshe a cinna wuta hayaƙin ya shigo mana ɗaki. Takan ce, "Rana a garin nan ta hana mu barci, ta hana mu sakewa. To ko ba komai ta yi mana shanya."

Kunzugun da yaro ya girme wa ba a yar da shi. Sai ta tafasa, ta ninke, ta ajiye wa mai ciki ta gaba. Na Baffa sun yi wa ƙanwarsa, sun yi wa ɗan Ramma, sun wuce gidajen da ban sani ba. Uwar mai gidan da muke haya, wata dattijuwa ƴar ƙasa, da farko ta yi ta faɗa cewa mun mayar mata da gida wurin wanki. Da jikarta ta yi irin ciwon Baffa, ita ce ta sauko da kanta ta ce a kira mata Hajja Zali.

Akwai kuma matan hanya, masu yada zango a Sabha kafin su wuce arewa su tsallaka teku. Na tuna wata mai suna Awa, daga can ƙasashen bakin teku, da jaririya a hannu da Hausa kaɗan a baki. Inna ta yi mata nasiha ta zauna, ta ƙi. Ba ta sake matsa mata ba. Ta zaunar da ita ta nuna mata ninki da hannu har ta iya, ta haɗa mata ƙunshin ƙyallaye da ɗan man kaɗanya a gwangwani. Awa ta ce, "Mama, ni babu kuɗi." Inna ta ce, "Wa ya tambaye ki? Inda za ki babu butiki. Wannan ko da kofin ruwa ɗaya za ki iya wankewa, ki ɗaura a jikin jaka ya bushe." Ba mu sake jin labarinta ba. Amma duk lokacin da Inna ta idar da salla, sai na ji ta tana ambaton masu goyo a kan hanya.

Ba zan ce ba ta da nata halin ba. Ta sa ni kuka ba sau ɗaya ba, kuma in ta yi fushi gidan duka sai ya sani. Sai dai ban taɓa ganin fushinta ya kwana a kan yaro ba, kuma ban taɓa jin ta goranta wa wata abin da ta yi mata ba.

Bayan mun koma unguwar Sukra da zama, ciwon hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu. Akwai abin da ya kamata a rufe wa mamaci, kuma zan rufe. Abin da zan faɗa shi ne, ta kai ba ta iya tashi da kanta, kuma matan da ta wanke wa ƴaƴa suka raba kwanaki a tsakaninsu ba tare da wani ya tara su ba. Ranar farko da na zo zan gyara ta, ta juya fuska ga bango, hawaye na bin kuncinta.

"Ɗiyata, ban so ki ga wannan ba."

Na ce, "Inna, wa ya koya mini? Ki bar ni in nuna miki ko na iya."

Ta bar ni har na gama. Na wanke ƙyallayenta, na tafasa, na shanya, na kawo na ninke a gabanta. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta ɗauki guda, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Bakinta ya karkace, magana na yi mata wuya, amma na ji ta sarai.

"Yanzu kam kin iya."

Ban ƙara jin wata doguwar magana daga bakinta ba.

An yi mata sutura a gidan da ta zauna. Masu aikin gini da suka ci tuwonta suka ajiye aiki suka ɗauke ta. Mu mata muka cika tsakar gida, da yara manya da ƙanana waɗanda duk sun wuce ta hannunta. Da aka kira Mariyama a waya, kuka ya hana ta magana, sai tambaya ɗaya take maimaitawa: ko uwarta ta wulaƙanta a baƙon wuri? Na karɓi wayar na ce mata, wallahi ba ta kwana cikin ƙazanta ba ko sau ɗaya, kuma ba ta cika ita kaɗai ba.

Ya Allah, baiwarKa Zaliha ta zo gare Ka daga ƙasar da ba tata ba. Ka ji ƙanta, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Kamar yadda ta suturta ƴaƴan mutane, Ka suturta ta ranar da babu sutura sai taKa. Ka haɗa ta da mijinta a gidan Aljanna. Ka ba Mariyama da ƴaƴanta haƙurin wannan rashi, Ka sanyaya musu zuciya, Ka tsaya musu a inda uwa take tsayawa. Matan da ke haihuwa nesa da gida, Ka haɗa kowace da mai ɗaga mata labule. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.