Da Aka Ce Yankan Maigidana Mushe Ne

Ni 'yar mahauta ce, matar mahauci, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Fulanin Garwa suna da shanu suna da sarauta, amma ko Lamiɗo in ya so nama sai ya jira wuƙarmu. A zamanin Jamus babu mai dambun naman da ta kama ƙafata a garin nan. Waɗanda suka ci duk sun riga ni tafiya, da sun ba da shaida. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, baki kawai ya rage mini. To bari in faɗi abin da na jawo wa maigidana, don na gaji da jin ana ba da labarin a karkace.

A shekarar da abin ya faru mun binne 'ya'ya biyu cikin damina ɗaya. Zazzaɓi ne. Ni na yi kukana na koma bakin murhu. Shi bai yi kuka ba, sai abin ya juye masa ya zama faɗa. Ba ya cin kirki, ba ya barcin kirki. A kasuwa in mai saye ya ce a ƙara masa tsoka sai ya hau shi da masifa, har ya taɓa jifan wani dillalin shanu da ƙashin haƙarƙari. Wa zai tsaya ciniki da mai zare ido ga wuƙa a hannu? Mutane suka koma wajen maƙwabtansa. Mun sha rubutu, mun yi sadakar waina, shiru.

A bakin Binuwai akwai kantin wani kamfanin Jamus inda ake sayen fatun shanu da danƙo, a loda a jirgi in ruwa ya kawo. Akawun kantin wani Bajamushe ne dogo siriri, ba irin na bariki masu bulala ba. Ba ya cin nama. Saboda haka dambuna bai dame shi ba, ƙosai nake kai masa da safe. Yana jin Hausa, amma irin ta Turawa, harshen ba ya lanƙwasuwa. Ƙosai a bakinsa kosai ne, ɗaki daki ne, in kuwa yana so a buɗe ƙofa sai ya ce, "Buda kofa."

Wata safiya na same shi a baranda bisa tabarma, ya harɗe ƙafafu, ido a lumshe. A gabansa ga wani ɗan mutum-mutumi na tagulla, bai fi dunƙulen hannu ba, shi ma a zaune ya harɗe ƙafafu. Ƙuda na yawo a hancin Baturen bai kora ba. Na tsaya har ƙosai ya huce kafin ya buɗe ido.

"Bature, mene ne wannan?"

"Buda," in ji shi.

"Buɗa?"

"I, Buda."

"Yana buɗawa kuwa?"

Ya yi murmushi, ya ce can gabas bayan ƙasar Hindu ya samo shi, inda ya yi aiki shekaru, kuma tun daga nan ya samu sauƙi. Na waiga na dubi kantin, fatu jibge har rufi, 'yan dako na shiga suna fita. Na ce a raina, ai ga buɗin nan ido na gani. A wurinmu in an ce buɗi kowa ya san nufi, kasuwa ta buɗe, arziki ya buɗe, kuma malamai na ba da laƙaninsa. Ni duk zatona Baturen ma nasa laƙanin ke nan, harshe ne kawai ya hana shi faɗar sunan daidai.

Da na koma gida na ce, "Maigida, Baturen fata yana da laƙanin buɗi."

"Ke dai ba kya rasa magana. Kafiri ne zai ba ni laƙani?"

"Wuƙar da kake fawa da ita ta kanti ce. Liman ne ya ƙera ta?"

Kwana uku ina mita. Ranar da ya kai fatu ya daɗe bai dawo ba, da ya shigo na tare shi tun daga zaure.

"Laƙanin naki babu rubutu, babu turare, babu saiwa," ya ce. "Zama ne."

"Zama kamar yaya?"

"Ka zauna ka bi numfashinka. Ya shiga ka sani, ya fita ka sani. In tunani ya taso ka bar shi ya wuce kamar kwalekwale a kogi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ya ɓoye maka na gaskiyan. Ka koma."

Ya koma kuwa, ya yi ta komawa. Bayan sallar asuba sai ya ci gaba da zama a kan buzunsa, ba motsi, har kaji su gama cara. Sannu-sannu ya fara cinye tuwonsa. Wata rana ina tankaɗe na ji shesshekarsa, yana kiran sunan ƙaramin cikin yaran. Na yi kamar ban ji ba, don namiji ba ya so a gan shi haka. Daga ranar ya daina faɗa a kasuwa. Masu saye suka fara dawowa, ni kuwa ina ta yi wa kaina kirari, ni na gano laƙani.

Ashe 'yan dakon fata suna kallo. Sun gan shi a barandar nan, shi da Bature a zaune, ɗan tagulla a gabansu. Magana ta bar bakin kogi tana cewa an gan shi zaune, kafin ta kai unguwar mahauta ta zama ya yi wa gunkin Nasara sujada.

Ranar wata Alhamis ya kayar da bajimi a kwata, ya yanka, yana cikin fiɗa sai Sarkin Fawa ya tsaya a kansa ya ce, "Ajiye wuƙar nan." Wanda ba mahauci ba ba zai san nauyin wannan magana ba. In maɗinki ya bar addini, rigar da ya ɗinka tana nan riga. Mahauci kuwa in aka ce ya bar Musulunci, duk abin da ya yanka mushe ne. Bajimin nan guda babu wanda ya taɓa ko hanta. Muna kallo ya yi kore, aka ja shi bayan gari ungulaye suka yi biki. Dambun da na yi jiya-jiya aka dinga dawo mini da shi. Maƙwabciyata da muke aron gishiri ta aiko a karɓo mata akushinta.

Kwana tara wuƙarsa na rataye. Rana ta goma aka kai maganar gaban wani tsohon Modibbo, babban malami Bafulatani, wanda duk garin ke jin maganarsa. Haƙori ɗaya ne ya rage masa. Maza suka cika zaure, ni na rakuɓe daga bakin ƙofa.

"Bangaro," in ji shi, don haka Fulani ke kiran mahauci, "ka sa goshinka a ƙasa gaban abin nan?"

"Allah ya gafarta Malam, ban sa ba."

"Ka roƙe shi wani abu?"

"Me zan roƙa a wurin tagulla? Baturen ma ba ya roƙonsa. Ya ce siffar malaminsu ce, wani ɗan sarki na can dā da ya bar gidan sarauta yana neman maganin baƙin ciki."

"Ka bar salla?"

"Ko ɗaya."

"To me ya koya maka?"

Maigidana ya faɗi zancen numfashi. Ya ce an kuma gaya masa fushi garwashi ne, mai riƙe da shi ne ke fara ƙonewa. Ya ce malamin nasu ya hana kashe duk wani abu mai rai.

Modibbo ya ɗaga gira. "Kai me ka ce masa?"

"Na ce Allah ya halatta mana, shi kuma in da gaske yake ya daina sayen fata."

Zaure ya ɗauki dariya, har Sarkin Fawa sai da ya rufe baki da hannun riga. Modibbo ya jira aka yi shiru.

"Ruwan Binuwai ta ƙasar arna yake biyowa kafin ya iso mu, da shi muke alwala," ya ce. "Jin maganar mutane ba bin addininsu ba ne. Wanda ya san nasa, ya ji na wani, ya ɗauki haƙuri ya bar saura, bai fita ba. Amma mutum ba ya da alƙibla biyu. In ka ce hanyar malamin nan ce hanyarka, ka rabu da mu. Zama gaban siffar nan kuma ka bar shi daga yau. Ko zuciyarka tana Makka, idon mutane yana Garwa. Ka zauna a buzunka, numfashin da kake bi ka sa masa sunan wanda ya ba ka shi. Yankanka halal ne."

Na sauke ajiyar zuciya, ina shirin tashi, sai tsohon ya ce, "Wai ma wa ya kai ka can?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Ba zai tona ni ba. Ni kuwa ban iya ɓuya ba, ban taɓa iyawa ba.

"Ni ce, Allah ya gafarta Malam. Na ji yana da laƙanin buɗi, da bakinsa ya ce mini buɗa."

"Buda ya ce," in ji maigidana a hankali. "Sunan malamin ne. Tun ranar farko na gane. Na yi shiru ne don in na faɗa mata za ta hana ni komawa."

Wannan dariyar ta fi ta farko, kuma a kaina aka yi ta. Modibbo kaɗai ne bai yi ba. Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa.

"'Yata, shi ya je ya zauna bai roƙi komai ba. Ke kina gida, kin sa rai tagulla za ta buɗe miki kasuwa. A cikinku wa ya fi kusa da gunkin?"

An zage ni a duniya, an yi mini gori, duk na rama. Wannan karon kuwa sai na ce astagfirullah, ya ce in ƙara, na ƙara.

Sarkin Fawa ya mayar masa da wuƙa. Amma hukunci a zaure yake, kasuwa kuma tana da nata kunnen. Ya yanka ɗan maraƙi, mutane suna zuwa su tsaya su gaisa su wuce. Kowa na jiran wani ya fara. Haka muka yi kwana biyu, muna cin namanmu muna shanya saura.

Rana ta uku na daka dambu, na soya shi da man shanu yadda na iya, na zuba a sabon kwano na rufe da faifai. Na tafi gidan Modibbo ban gaya wa kowa ba. Na same shi a ƙofar gida da ɗalibansa manya. Na durƙusa na ajiye.

"Allah ya gafarta Malam, ka ce halal ne. Gari bai ji ba."

"Na faɗa a gaban shaidu."

"Bakin da ya faɗa shi ake so a ga ya ci."

Ɗaliban suka zaro ido. Tsohon ya dube ni. Ya ce, "Kaɗo ba ya da kunya," wato Bahaushe. Na ce, "Kunya ba ta sayar da nama." Ya ce shi da haƙori ɗaya ina shi ina nama. Na ce shi ya sa ban kawo tsire ba.

Bai ci a nan ba. Ya sa aka ɗauki kwanon, ya dogara sandarsa, muka bi shi a hankali har rumfar maigidana. Tafiyar da ba ta kai komai ba sai da muka huta sau biyu. Ya zauna a kan kututturen da ake sara nama, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na nesa zai ji, ya dinga ɗiba yana mamula. Ya ce yaji ya yi yawa. Bai yi yawa ba, amma na bar shi. Kafin la'asar maraƙin ya ƙare.

Kasuwa ta dawo, amma rabinta. Akwai gidajen da ba su sake sayen namanmu ba har maigidana ya rasu, kuma in an gamu a hanya sai a gaisa lafiya lau. Bai sake hawa barandar nan ba, in ya kai fatu a bakin ma'auni suke gaisawa da Baturen. Zaman asuba kuwa bai bari ba, sai dai da carbi a hannu.

Yayata da ke aure a garin Pitowa, uwa ɗaya uba ɗaya, takan zo ta yi mako a wurina. Ta ci tuwona, ta sha kununa, amma in miya da nama ce sai ta ce cikinta ba daɗi. Da na matsa mata ta ce ba wai ta yarda da maganar mutane ba ne, zuciyarta ce ta ƙi kwanciya. Shekara biyu ina lallashi. Daga baya na gaji, in ta zo sai in ɗora mata tukunyarta daban, kuka da daddawa, in ba ta ta ci.