Ruwan da Motar Maccido ke Sha

A shekarun da Nasara bai daɗe da shata iyaka tsakanin Illela da Ƙonni ba, mutum ɗaya ne a garin Illela ya iya tuƙa mota, shi ne Maccido. A Sakkwato ya koyo, ya dawo yana jan wata tsohuwar lori ta Alhaji Junaidu mai fataucin fata. Kai, Maccido akwai ji da kai! In ya ɗaura rawani ya kama sitiyari, ko sallamar kirki ba ya amsawa.

Wanda ke ba motar ruwa shi ne Baba Halilu, tsohon baran gidan Alhaji, aminin marigayi uban Maccido. Kowace safiya sai ya jawo ruwa a rijiya, ya tace da ƙyalle, ya cika lagireto.

Wata bazara mota ta shiga zafi. Kafin a kai ƙauyen Gidan Katta ruwa ya yi ƙasa, injin na huci. Maccido ya kwanta ƙarƙashinta ya duba, ko ɗigo babu a ƙasa. A saninsa, tulun da ba ya yoyo ba ya rage ruwa. Sai ya yanke cewa tsoho ne ke ha'inci, ganda ta hana shi komawa rijiya.

Maimakon ya ja shi gefe, ranar kasuwa ya tare shi a bainar jama'a, ya ce ha'inci yake yi, ba ya cika wa mota ruwa.

Baba Halilu ya ce, "Mi kac ce, ɗana? Ni?"

"In kana cika ta, Baba, ka rantse."

Subhanallahi! Mutane suka yi ta ba da baki, Maccido ya kafe. Tsoho mai furfura ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse. A garin nan kuwa, dattijon da aka kai ga dafa Littafi, ko ya fita da gaskiyarsa, mutuncinsa ya riga ya zube. Daga ranar bai sake taka ƙofar gidan Alhaji ba.

Maccido ya koma cika ruwa da hannunsa, har baki. Bai kai Garu ba ruwan ya sake yin ƙasa. Ya bar injin na aiki ya zagaya baya, sai ga farin hayaƙi na fita ta salansa. Ya tara tafin hannu, ya ji laima. Da injin ya huce, ya buɗe murfin lagireto ya sake tayarwa, ruwa na ta kumfa. Ya zaro sandar gwajin mai, ga baƙin mai ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ashe gaskit ɗin kan injin, mai raba ruwa da mai, shi ne ya ƙone, motar ta cikinta take shanye ruwan.

Nan bakin hanya ya zauna, ya rufe fuska da rawani. Kunya ta kama shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Bayan la'asar ya sami Baba Halilu a zaure yana tufka igiya. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya gano, ya nemi gafara.

Tsoho bai ɗago kai ba. Ya ce, "Na yafe maka tun rannan, don ubanka. Amma ranar da kas sa ni dafa Littafi, kasuwa gaba ɗaya ta gani. Yau ga ka kai ɗaya."

Ran kasuwa ta zagayo, Maccido ya hau bayan lorin ba rawani, ya faɗa da ƙarfi cewa shi ne ya yi wa dattijo ƙazafi. Wasu suka ji, wasu na can suna cinikin awaki. Waɗanda suka ga rantsuwar kuwa, da yawansu fatake ne, sun daɗe da tsallaka iyaka da labarin, ba kuma wanda zai bi su ya gyara.